Wane Kore?

Mota tana fitowa daga kamfani da lambar launinta. A mafi yawan motoci akwai ɗan faranti ko sitika, a gidan inji ko a jikin ƙofa, inda aka buga wasu haruffa da lambobi. Mai haɗa fenti ya duba lambar, ya buɗe littafinsa ko kwamfutarsa, sai ga awo: giram kaza na wannan, giram kaza na wancan. Keke bai samu wannan gatan ba. Abin da za ka tarar a jikin tsohon Raleigh shi ne lambar firam, wadda aka buga a ƙarfe kusa da wuyan sirdi ko a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, kuma iyakar abin da za ta faɗa maka shi ne kusan shekarar da aka ƙera shi. In mai giya uku ne na Sturmey-Archer, a cibiyar tayar baya ma an buga wata da shekara. Launi kuwa babu wanda ya rubuta. Kamfanin bai yi zaton za a wayi gari, bayan shekara sittin, wani yana bin rumfa-rumfa yana neman wanda zai maido masa da shi ba.

Sai ga shi ana nema, kuma da gaske. A Italiya, a garin Gaiole da ke yankin Chianti, tun 1997 ake wani taron hawan keke mai suna L'Eroica, inda ƙa'ida ita ce ka zo da keken tsere na ƙarfe irin ƙirar 1987 ko kafin nan. Dubban mutane ke zuwa, kuma irin wannan taro ya sa an zazzago kekuna daga ɗakunan shirgi an nufi masu fenti da su. A wurinmu gado ne ke tayar da maganar. Keken da mahaifi ya yi aikin malanta da shi, ko wanda kaka ya saya da kuɗin gyaɗa, yana jingine a zaure, tayoyi sun ruɓe, sirdi ya bushe ya tsage, amma firam na nan daram. Raleigh na Nottingham, wanda bakin mutanenmu ya mayar Rali, ya shiga ƙasar Hausa har sai da kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na Shanghai da kekunan Indiya su cika kasuwa. A 2002 aka daina haɗa keke a Nottingham. Wanda za ka je ka tambaya ma ya tashi daga gidan.

Maganar da mai keke ke zuwa da ita gajera ce: a maido shi yadda ya fito daga kamfani. Mai fenti ya ce an gama. Ya tambayi launi, a ce masa kore, ya gyaɗa kai. Su rabu kowa yana ganin an fahimci juna, alhali koren da ke kan wannan daban, na kan wancan daban, na cikin gwangwanin da za a sayo a kasuwa kuma na uku ne. Mai shakka ya tsaya bakin titi a Kano ya ƙare wa jerin A Daidaita Sahu kallo. Dukkansu ruwan ɗorawa ake ce musu, amma da wuya ka ga biyu sun zo ɗaya: wannan ya karkata wajen ruwan goro, wancan ya yi fari-fari, na bayansa da aka sake wa fenti bara har wani kore-kore yake yi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin masu fentin. Sunan ne yake da faɗi, kowa ya samu wurin zama a cikinsa.

Hausa tana da launuka uku da take faɗa kai tsaye ba tare da ta jingina da komai ba, kowannensu da kalmar da ke ƙarfafa shi: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Wasu masana biyu na Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, sun nuna a 1969 cewa harsuna da yawa haka suke farawa, da haske da duhu, sannan ja ya biyo. Shuɗi da kore, da tsanwa da algashi, suna biye. Sauran kuwa sai an kira ruwa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan hoda, ruwan hanta, ruwan zuma. Na sha jin 'yan boko suna cewa wannan talaucin harshe ne, wai ba mu da suna sai kwatance. Ban yarda ba. Wanda ya ce maka ruwan makuba bai yi da'awar ya zuba launin a cikin kalma ba. Aikenka ya yi, ya ce je ka dubi daɓen da aka shafe da makuba ka dawo. Wannan ya fi gaskiya a kan sunan da ke nuna shi kaɗai ya wadatar. Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da aka aike ka ka duba shi ma ba ɗaya ba ne. Ruwan goron da aka tauna yanzu daban da wanda ya kwana a jikin riga, ƙasar jigawa da ta fadama kuma ba su taɓa zama launi ɗaya ba. Kwatancen yana aiki ne muddin mai faɗa da mai ji kasuwarsu ɗaya, zamaninsu ɗaya. Iyayenmu mata suna cewa ruwan Omo suna nufin wani shuɗi mai haske, don a lokacinsu garin sabulun shuɗi ne. Yarinyar da ta tashi tana wanki da farin gari tana iya riƙe sunan, ta rasa abin da yake nunawa.

Kamfanonin ma, in ka bi sunayen da suka raɗa, aikin Bahaushe suka yi. Koren nan mai duhu da aka san Raleigh da shi a kan keken da yake kira Superbe, koren tagulla suka sa masa a littattafan tallarsu; wani launin kuma suka ce kofi. Wane kofi, mai madara ko baƙi? An raɗa sunan ne don mai saye ya ji daɗin faɗa a kanti, mai fenti ba ya cikin lissafi. Hoton da ke cikin littafin kuwa tawada ce a kan takarda, takardar ta tsufa tare da keken. Na waya ya fi muni: hoto ɗaya, ka buɗe shi a wayoyi uku, ka ga kore uku.

Babu inda rikicin ya fito fili kamar a gidan Bianchi, kamfanin da Edoardo Bianchi ya kafa a Milan a 1885. Launinsu, wanda suke kira celeste, wani abu ne tsakanin shuɗi mai haske da kore, kuma duk mai bin tseren keke yana gane shi daga nesa. Fausto Coppi, wanda ya ci tseren zagaye Faransa a 1949 da 1952, ɗan ƙungiyar Bianchi ne, kuma yana cikin waɗanda suka zaga duniya da launin. Labarin asalinsa kala-kala ne. Wasu su ce sararin samaniyar Milan aka kwaikwaya, wasu su ce idanun Sarauniya Margherita, wadda aka ce Bianchi ya koya wa hawan keke, wasu kuma su ce ragowar fentin soja ne aka sirka don kada a yi asara. Na ƙarshen ya fi kama da tunanin masana'anta, sai dai ba shi aka fi son faɗa ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, in aka jera kekunan Bianchi na shekaru daban-daban, celeste ɗin ba ya zuwa ɗaya. Na wani zamani ya fi shuɗi, na wani ya fi kore, kuma duk na kamfani ne, babu jabu a ciki. To wanda ya ce a yi masa na asali, dole a tambaye shi na wace shekara. Ko an san shekarar ma da sauran magana, domin masana'anta ganga-ganga take sayen fenti, mai kawo mata yana canzawa, zafin tanderu yana hawa yana sauka, hannun mai feshin safe daban da na mai yamma.

Da sunaye suka gaza sai aka koma ga lamba. A Jamus, a 1927, aka fito da tsarin RAL da launuka 40, kowanne da lambarsa, don mai saye da mai sayarwa su huta da aika wa juna gutsuren samfuri. A 1976 hukumar duniya mai kula da ma'aunin haske ta tsayar da hanyar bayyana kowane launi da lambobi uku: ɗaya ta haske da duhu, ɗaya ta tsakanin ja da kore, ɗaya ta tsakanin rawaya da shuɗi. Manyan shagunan fenti na yau suna da na'urar da ake ɗorawa a jikin mota ta karanta, kwamfuta ta fitar da haɗi. A kan keke na'urar tana tuntuɓe. Shimfiɗaɗɗen wuri take so, bututun keke kuwa kaurinsa bai wuce inci ɗaya da 'yan kai ba, ga shi a lanƙwashe, haske yana zillewa ta gefe. Kuma abin da ke gabanta yau take karantawa, ba ta san rana ta yi shekara hamsin tana cin wurin ba. In fentin ya koɗe, koɗaɗɗen za ta auna maka daidai wa daida.

Ko da an samu ainihin awon da kamfanin ya yi aiki da shi, kayan haɗin sun canza. Kore mai duhu na da, sau da yawa haɗi ne na wani shuɗi da aka gano a Berlin a farkon ƙarni na 18 da wata rawaya mai ɗauke da dalma. Dalma guba ce, ƙasashe da yawa sun hana ko sun taƙaita sa ta a fenti, don haka mai haɗin yau ta wata hanya dabam yake isa ga koren. Da hantsi ido zai ce sun yi sak, da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki su rabu, saboda kowane sinadari da ɓangaren hasken da yake haɗiyewa da wanda yake maidowa, hasken rana da na ƙwai kuma ba kayan ciki ɗaya gare su ba. Matan da ke sayen shadda a Kantin Kwari sun san haka ba tare da an karantar da su ba, shi ya sa ake jawo ƙyalle zuwa bakin ƙofa kafin a yi ciniki. Ja ya fi kowa saurin gudu a rana. Man ƙyallin da ake shafawa a sama yana yin rawaya in ya tsufa, sai shuɗi ya koma kore-kore, fari ya koma ruwan madara. Ko baƙi, da ake ganin ba shi da rigima, ba ɗaya ba ne: na kekunan farko, wanda ake haɗawa da wani irin kwalta a gasa, in rana ta doke shi za ka hango ruwan ƙasa can a ƙarƙashinsa.

Sannan akwai abin da kalmar launi ba ta ɗauka sam, wato yadda fentin ya kwanta. A manyan masana'antun Ingila a da tsoma baƙin firam ake yi a tanki, a rataye ya ɗige, a shigar da shi tanderu a gasa. Abin da ke fitowa siriri ne mai tauri, ya bi jikin ƙarfe har kana ganin kaifin bakin mahaɗan da suka riƙe bututu da bututu. Jan nan mai zurfi na kekunan tsere kuwa hawa biyu ne: a fesa ruwan azurfa a ƙasa, a bi shi da launi mai shara-shara wanda haske ke ratsawa ya dawo. A nan duhun launin yana hannun mai feshi, in ya ƙara zagaye ɗaya ja ya koma ruwan hanta. Fentin gari na zamani, wanda ake fesawa busasshe a narkar a tanderu, yana da ƙarko, amma kauri gare shi, yakan cike bakin mahaɗa ya binne lambar firam. Na mota kuma sai keke ya fito yana sheƙin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka saye shi. Mutanen Kura sun san wannan a kan turkudi: ƙyalle biyu su fito daga karofi ɗaya, a kai ɗaya mabuga ya sha bugu, a bar ɗaya, babu mai idon da zai ce launinsu ɗaya.

Abin da ya rage shi ne shaida daga jikin keken kansa. Kowane tsohon keke yana da wuraren da rana ba ta taɓa gani ba. Ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba yana da dogon wuya da ke shigewa cikin firam, kuma sau da yawa fenti ya taɓa gindin wuyan kafin a haɗa keken. Akwai ƙarƙashin tambarin gaba, kan zalɓen nan na Raleigh da aka kafe da 'yan ƙusoshi. Akwai bayan maƙalan birki da na fitila, da cikin murfin sarƙa. A nan ƙasarmu har muna da wata sa'a ta daban. Mutanen da, in sun sayi sabon keke, wasu ba sa cire takardar da aka naɗo bututun da ita sai ta gaji ta faɗi don kanta, wasu kuma su bi firam da tef ko roba mai launi su naɗe shi tsaf, rabi ado rabi kariya. Ana yi musu dariya, wai sun sayi fenti sun ɓoye. Yau in ka warware irin wannan naɗi ka wanke danƙon, abin da za ka gani ya fi duk wani littafin talla. Amma shaida ɗaya ba ta isa. Na wuyan can ɓarɓashin feshi ne, galibi bai samu man ƙyalli ba. Na ƙarƙashin tambari ya daɗe a duhu, fenti mai mai kuma duhu ma yana sa shi rawaya. Sai an tara su an dubi inda suka yi tarayya, kuma ido ne zai yanke hukunci.

Shi ya sa samun mai wannan aiki ke da wuya. A Ingila akwai 'yan gidajen da suka riƙe tsohuwar hanya, irin Mercian da ke Derby tun 1946, masu gasa fenti a tanderu su ja layi da hannu. Mu wajen masu fentin mota muke nufa, su kuwa ba sa murna da keke. Ƙofar mota shimfiɗe take, hannu ya tafi ya dawo an gama. Firam bututu ne ta ko'ina, ga lunguna. Yawancin abin da bindigar feshi ta fitar iska ke sha, in ka matsa don ka cike lungu fenti ya zubo ya yi hawaye. Mai keke kuma yana ganin bai kamata kuɗin ya kai na ƙofar mota ɗaya ba. Ga ƙurar hunturu da ke sauka kan ɗanyen fenti, ga laimar damina da ke sa wani ya yi hazo. Wanda ya karɓa da rawar jiki ya ce gobe ka zo ka ɗauka, shi ne abin tsoro. Ni dai abin da nake dubawa shi ne inda hannunsa ya fara zuwa. In samfefa ya fara rarumowa, ɗauki kekenka ka yi gaba, domin kafin ka sha ruwa ya kankare duk shaidar da ta rage. Na ƙwarai tsumma yake fara ɗauka, sannan abin awo, ya auna inda kowane layi ya fara da inda ya tsaya, ya ɗauki hoton kowane rubutu.

Wani lokacin ma amsar da ta dace ita ce kada a yi. Masu tara tsofaffin kekuna sun fi daraja wanda ke da fentinsa na farko, ko da ya ƙuje ya dushe, kuma farashi yana nuna haka. A wanke, a kashe tsatsa, a shafa man goge mota, a bar inda wandon mai shi ya cinye layin zinariya. A 1964 masana adana tsofaffin gine-gine sun taru a Venis sun amince cewa abin da aka ƙara wajen gyara ya dace da tsohon, amma ya zama mai lura zai iya bambance su. Ba don keke suka faɗa ba, sai dai maganar ta hau shi. Mu muna da gyara, muna da sabuntawa, muna da jabu, kuma gwangwani ɗaya yana iya yin duka ukun. Bambancin yana bakin mai keke ranar da zai sayar. A kasuwar tsofaffin kekunan tsere ba a rasa firam na banza da aka fesa wa launin babban gida aka manna masa suna, kuma mai fentin da ya fi kowa iya kwaikwayo shi ne ɗan damfara ya fi nema. Kama da wane ba ta wane. Ra'ayina, in tsatsa ba ta kai ga cin ƙarfe ba, a bar keke da tsufansa. In ta kai, a yi fenti, a yi shi da kyau, a kuma faɗa.

Na ga yadda ake yi a wurin wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana zanen bodin manyan motoci, daga baya ya koma fentin ƙanana a wata rumfa bayan gareji. Wani ɗan'uwana ne ya kai masa koren Raleigh na mahaifinsa, wanda yoyon ɗaki ya yi ta ɗiga wa har tsatsa ta fara huda murfin taya.

"Baba, so nake a maido shi yadda yake yana sabo."

"Ɗana, ka san shi yana sabo?"

"A'a, tasowa na yi na gan shi a zaure."

"To wanne za mu yi? Wanda ka taso ka gani, ko wanda marigayi ya biya kuɗi ya ɗauko? Don ba ɗaya ba ne."

Ya sa yaronsa ya kwance kan keken ya zare ƙafar gaba. Ya goge tsohon giris da kalanzir, ya bi da ɗan man gogewa a kan yatsa, sannan ya ɗiga ruwa a wurin, don jiƙaƙƙen fenti ya fi nuna yadda yake lokacin da yake da ƙyalli. Wani kore ya fito, mai duhu, da ɗan ruwan zinariya a cikinsa, wanda ko kusa bai yi kama da toka-tokan da ke saman bututu ba. Ɗan'uwan nawa ya daɗe yana kallo, ya ce shi wannan bai san shi ba. Keken da ake ɗora shi a kariyarsa zuwa masallacin Juma'a koɗaɗɗen ne. Asalin da ya zo nema ya girme shi.

Dattijon bai yi gwaji a kan shimfiɗaɗɗen kwano ba. Guntayen bututun ruwa ya sa aka yanko masa, masu kaurin firam, ya yi musu fentin ƙasa irin wanda zai yi wa keken. A gwangwanin madara yake haɗi. Kore ne gindi, sai baƙi da ruwan ɗorawa da ɗan ja, da tsinke yake ɗiga su yana ƙirgawa, yaron yana rubutawa a bayan kwali. Na tambaye shi me ja ke yi a cikin kore. Ya ce shi ke kashe masa rawar kai, koren da babu ja a cikinsa na tuta ne. Kowane haɗi ya fesa shi a guntu ɗaya, ya karce lamba a bakinsa ya jingine, ba ya yarda a yi magana a kansa sai ya bushe. Kallon kuma a inuwar rumfa ake fara yi da hantsi, a sake a rana, a sake da dare. Ba ya daɗewa yana kallo. Ya ce ido in ya daɗe a kan kore sai ya gaji ya fara yarda da komai, don haka yakan ɗauke kai ya dubi bangon siminti kafin ya dawo. Kalmominsa kaɗan ne: wannan ya yi ɗanye, wannan ya ƙone, wannan yana ihu, wannan ya kusa.

Guntaye biyu suka rage, ɗaya ya bi na wuyan, ɗaya an ɗan kwantar da shi wajen abin da ɗan'uwan nawa ya sani. Ya kai su gida ya nuna wa mahaifiyarsa, wadda aka kawo gidan keken bai daɗe da zuwa ba. Ba ta yi wata-wata ba ta nuna mai duhun. Ta ƙara da cewa ai ya fi haka ƙyalli nesa ba kusa ba. Da aka gaya wa dattijon sai ya yi dariya, ya ce a gaishe da Hajiya, bai taɓa jin wanda ya tuna abin ƙuruciyarsa ya ce bai yi ƙyalli ba.

Layin zinariya ne ya fi cin lokaci. A da, a kamfani da hannu ake jansa, da burushi mai dogon gashi ko da ɗan gargare mai shan fenti, kuma in ka duba na asali da kyau za ka ga inda hannu ya ɗan yi rawa. Masu yi da tef suna samun layi miƙaƙƙe sarai mai kaifin baki, nan take ido ke gane sabon aiki ne. Shi da burushin da yake zanen bodi da shi ya ja nasa, ƙaramin yatsa yana bin bututu yana yi masa jagora, tafiya ɗaya babu komawa. Bai manta farin da ke wutsiyar murfin tayar baya ba, wanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne, alhali daga dokar hanya ta Ingila ya samo asali a shekarun 1930, don direba ya hango mai keke da dare. Tsawonsa ya auna tun kafin a fara kankara.

Wuyan ƙafar gaba kuwa naɗe shi ya yi da takarda, bai kankare ba, bai fesa ba. Ɗan'uwan nawa ya ce tunda kuɗin keke sukutum ya biya, ai sai a yi sukutum. Dattijon ya ce wurin ba ya ganuwa, kuma in jikansa ya kai keken wajen wani mai fentin, da me za su fara? Awon haɗin ya ba shi a kwali, ya gargaɗe shi kada ya dogara da shi sosai, don masu yin fentin suna iya canza kayansu baɗi. Sannan ya hana a ɗaura birki da kariya sai an ɗauki makonni, tunda shi ba shi da tanderu, rana da iska ne za su yi aikin, fentin da ya bushe a sama kuma yana nan da taushi a ciki. A kan wannan ne kaɗai suka yi ja-in-ja da gaske, domin Sallah ta matso, ɗan'uwan nawa kuma ya riga ya cika baki a majalisa cewa da keken zai je idi. A ƙafa ya je.